Kafin Ka Saki Sabon Kare a Tsakar Gida

Tokpa-Hoho da Zongo, a tsakiyar birnin Kwatano, wuri ne da dukiya ke kwana dab da titi. Ga kasuwar Dantokpa a bakin ruwa, ga Misebo da dilolin gwanjonta, ga 'yan canji da motocin Jonke, ga kayan tashar jiragen ruwa da Hausawan Najeriya da na Nijar suka yi shekara da shekaru suna fataucinsu. Inda kaya ke kwana kuwa, dole a yi tunanin tsaro. Shi ya sa duk da unguwa ce ta Musulmi, da babban masallacinta da makarantunta na allo, ba a rasa kare a bayan mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ko a filin ajiye motoci, ko a wani lungu na gidan ɗan kasuwa.

Da can karen gida ake ajiyewa, ɗan madaidaici mai gajeren gashi, wanda da wuya ya wuce kilo 20. Yanzu hankali ya koma kan manyan karnukan waje. Ana kawo Boerboel, wanda manoman Afirka ta Kudu suka yi kiwo don gadin gonakinsu, namijinsa kan haura kilo 60. Ana kawo Rottweiler, mai sunan garin Rottweil na Jamus, inda mahauta ke kora shanu da shi. Ana kawo na duwatsun Kokeshiya mai gashi buzu-buzu, wanda aikinsa na asali tsare tumaki daga kyarketai cikin ƙanƙara. Wasu a wajen masu kiwo na nan Kwatano ake sayensu, wasu ta iyakar Seme suke shigowa daga Legas. Sau da yawa kuma gidan da za a kai irin wannan ƙato akwai mai shi tuntuni, wato tsohon kare ɗaya ko biyu da suka daɗe suna gadi.

Shawarar da mai sabon kare ya fi ji ita ce: "Alhaji, ai kare da kare ne. Ka sake su kawai, in suka daku sau ɗaya kowa zai san babbansa." Wannan shawara tana iya ƙarewa da gawar kare, ko da mutum a gadon asibiti. Zaman lafiya tsakanin baƙon kare da na gida aikin mai gida ne. Shi zai tsara shi da wuri, da lokaci, da yadda ake ba da abinci, kuma wani lokaci tsarin yakan nuna masa cewa gidansa ba zai ɗauki baƙon ba sam.

Tambayar farko ga Musulmi ita ce ta buƙata. Hadisi ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ladansa na raguwa kullum. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida da dukiya a kan waɗannan, in buƙatar ta gaske ce. A littattafan Malikiyya ana ba da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, cewa katangar gidansa ta faɗi a lokacin da tsaro ya taɓarɓare, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so hakan ba, ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Izinin ke nan yana tafiya da lalura. Wanda karensa ɗaya ya wadatar da shi, ya ƙaro na biyu don a ce yana da na waje, ya kamata ya sake tunani. Wanda kuma ya ɗauko don lalura, ya ɗauko amana. Addinin da ya ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, malamansa sun hana haɗa dabbobi faɗa. Tsayawa kallon karnuka biyu suna yagar juna da sunan su san babba bai yi nisa da abin da aka hana ba.

Tambaya ta biyu ta wuri ce. Ƙidayar 2013 ta ba Kwatano mutum 679,012, a matse tsakanin teku da tafkin Nokuwe, kuma tsofaffin unguwannin tsakiyar gari sun fi ko'ina matsi. Gida ɗaya, ɗakunan haya a jere, tsakar gida ɗaya da mata ke girki da wanki, yara na kai da komo, ga wurin alwala, ga ƙofa ɗaya da kowa ke bi. Abin da za a auna mai sauƙi ne: shin akwai wurare biyu da za a iya kullewa daban-daban, kowanne da inuwa da ruwa, yadda kare ɗaya ba zai kai ga ɗayan ba ko da igiya ta tsinke? In babu, magana ta ƙare tun ba a fitar da kuɗi ba. A haɗa da yanayin garin. Iskar Kwatano cike take da laima, kare kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, hakin kuwa ba ya aiki sosai in iska ta jiƙe. Mai kaurin gashi da aka kulle a kejin kwano da rana tsaka yana cikin azaba, kuma kare mai azaba ba ya da haƙuri da kowa. Damina biyu ake yi a shekara, ruwa na kwanciya a gidaje, don haka keji sai an ɗaga shi daga ƙasa.

Sai zaɓen baƙon kansa. Namiji da mace sun fi saurin jituwa. Maza biyu tsararraki da ba a dandaƙe ba sukan yi ta gwada ƙwanji. Likitocin halayyar dabbobi kuma sun daɗe da lura cewa faɗan karya da karya a gida ɗaya yakan fi muni, ya fi wuyar sasantawa. Tarbiyyar farko ma tana da nauyi. John Paul Scott da John Fuller, bayan shekaru suna nazarin karnuka a Bar Harbor ta Amurka, sun wallafa sakamakonsu a 1965, inda suka nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa 12 na haihuwa ne kwikwiyo ke koyon zama da 'yan'uwansa da mutane. A nan yake koyon sassauta cizo, da gane lokacin da wani ya ce masa ya isa. Kwikwiyon da aka raba da uwarsa da wuri aka jefa keji shi kaɗai yakan girma bai san waɗannan ba. Don haka a tambayi mai sayarwa: da wa ya tashi, yaushe aka yaye shi, ya taɓa zama da wani kare, me ya sa ake rabuwa da shi? Babban kare da mai shi ke gaggawar sayarwa da araha, a bincika dalili.

Kwikwiyo ya fi sauƙin shigarwa, amma shi ma da nasa. Ɗan Boerboel mai wata shida ya riga ya fi tsohon karen gida nauyi, ga wasan banza, ga rashin sanin ƙarfinsa. Tsalle ɗaya a kan bayan tsoho mai ciwon gaɓoɓi ya isa ya jawo cizo. Sannan kare ba ya cika hankalin manya sai tsakanin shekara ɗaya zuwa uku, shi ya sa wasu gidajen sukan yi shekara lafiya lau, rana ɗaya rikici ya ɓarke, a ce ba a san dalili ba. Dalilin shi ne yaron jiya ya zama babba.

Ranar da baƙo ya iso, likitan dabbobi zai fara gani kafin karnukan gida. A killace shi aƙalla mako biyu, da kwanonsa daban, da tsintsiyarsa daban, mai kula da shi ya riƙa wanke hannu kafin ya taɓa sauran. Cutar parvo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ta bazu a duniya a 1978, ƙwayarta na iya yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba, sabulu kuma bai cika kashe ta ba sai ruwan javel, wato bilic. Rottweiler na cikin waɗanda ta fi kayarwa. Akwai distempa mai farawa da majina da kwantsa ta ƙare da farfaɗiya. Akwai kaska mai ɗauke da cututtukan jini, wadda in ta shiga tsagar bango fitar da ita sai an sha wuya. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta shige fatar kare ta yi ƙurji, Kwatano kuwa garin yashi ne.

Uwa uba, ciwon haukan kare. An ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Yana iya yin wata biyu ko uku a jikin dabba bai nuna ba, don haka killacewar mako biyu ba ta wanke kare daga zarginsa. Abin dogaro shi ne katin allura mai hatimi da sa hannun likitan da za a iya nema a samu. Wanda aka ƙetaro da shi iyaka, a nemi takardar lafiyarsa. In akwai shakka a kan katin, a sake allurar, a kuma jira mako uku zuwa huɗu ta kama jiki. Tsofaffin karnukan gida su ma a duba nasu katin. Rigakafi ya fi magani, a wannan ciwo kuwa shi kaɗai ne maganin.

To, daga ina tunanin "su daku su san babba" ya samo ƙarfi? Ba a wajenmu kaɗai yake ba, Turawa ma sun daɗe a kansa. A 1947 wani masani, Rudolf Schenkel, ya rubuta abin da ya gani a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, inda aka tara kyarketai da ba su haɗa jini ba a shinge ɗaya, suna ta faɗan neman fifiko. David Mech na Amurka ya yaɗa wannan fahimta a littafinsa na 1970. Amma da ya je ya zauna kusa da kyarketai a dajinsu a tsibirin Ellesmere na Kanada, sai ya ga garkensu iyali ne, uwa da uba da 'ya'ya, ba a samun shugabanci da yaƙi. A 1999 ya fito ya gyara maganarsa. Abin da Schenkel ya gani halin baƙi ne da aka cusa a ƙunci babu hanyar kaucewa, kuma shi ne daidai abin da mai gida ke ƙirƙira in ya rufe ƙofa a kan karnuka biyu da ba su san juna ba. Abin da kare ke koya daga irin wannan faɗa shi ne tsoro, da saurin kai hari kafin a kai masa. Ga kuma bambancin jiki: mai kilo 60 in ya kama wuyan mai kilo 15 ya girgiza sau biyu, an gama.

Mutanen Zongo sun san yadda ake yi da ragon layya. Ba a ɗaure sabo da tsoho a turke ɗaya, kowa turkensa, nesa kaɗan, suna ganin juna har idonsu ya saba. Haka ake bi da kare, sai dai shi hanci ne ke gaba da ido. Da an gama killacewar, tun suna rabe, a riƙa musayar buhu ko tsumman da kowanne ke kwanciya a kai. In an fitar da tsoho yawo, a bar baƙo ya zaga tsakar gida ya shinshina, sannan a mayar da shi kafin tsoho ya dawo. Kwana kaɗan kowanne zai san akwai wani, tun ba su haɗa ido ba.

Haɗuwar farko a wajen gida ake yinta, inda babu mai cewa nan nawa ne. Bayan sallar Asuba ya fi, gari da sanyi, masu zemijan, wato baburan haya, ba su cika titi ba. Mai mota yana iya kai su bakin teku wajen Fijirose inda fili yake. Mutum biyu manya, kowanne da kare ɗaya da igiya mai ƙarfi, ban da yaro. A sa wa ƙaton takunkumi irin mai raga da ke barinsa ya yi haki, wanda aka riga aka saba masa da shi a gida. Kada a tunkari juna gaba da gaba. A bi hanya ɗaya, a fuskanci wuri ɗaya, wannan a gefen titi, wancan a ɗaya gefen. In kowanne yana tafiyarsa yana shinshina ƙasa, a rage tazara kaɗan. Sai a bar na baya ya shinshina inda na gaba ya yi fitsari, a kuma yi musayar wuri. In aka kai ga kusantar juna, a bar su su shinshina bayan juna na daƙiƙa uku ko huɗu, igiya a sake, sannan a kira kowanne a ci gaba da tafiya. Igiyar da aka ɗame tana ɗaga kan kare da ƙirjinsa, ɗayan kuma ya ɗauka takala ce.

A nan idon mai riƙo ne ke aiki. Karen da hankalinsa ke kwance jikinsa a sake yake, bakinsa a ɗan buɗe, yana zagayowa ta gefe, wani lokaci ya kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga gindi, alamar neman wasa. Wanda ke shirin rigima sai ka ga ya sandare, ya rufe baki, ya kafe ɗayan da ido ba ƙiftawa, gashin bayansa ya miƙe daga wuya zuwa gindin wutsiya. Wutsiyar tana iya kaɗawa, amma a tsaye ƙiƙam, ƙanana-ƙanana da sauri, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗuwa su ɗauka murna ce. In ya ɗora haɓarsa a kafaɗar ɗayan, a raba su nan take cikin natsuwa, a ƙara tazara. Mai lasar leɓe, mai hamma ba barci, mai kau da kai, yana cewa ne abin ya yi masa yawa. Gurnani kuma gargaɗi ne. Wanda aka daka don ya yi gurnani zai daina gargaɗin, gobe sai cizo kawai.

A maimaita wannan tafiya kwanaki a jere, sannan a shigo gida tare, bayan an kwashe kwano da ƙashi da duk abin da za a yi rigima a kansa. Makonnin farko haɗuwarsu gajera ce, a gaban babba, in ba mai lura kowa ya koma wurinsa a kulle. Da dare a yi musu karɓa-karɓa, wannan ya yi gadi wancan na ciki, har sai an tabbata. Wasu karnukan mako biyu ya ishe su, wasu sai an yi watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Abubuwan da ke tayar da faɗa a gida sanannu ne. Na farko abinci. Kowa ya ci a wurinsa ƙofa a rufe, a ɗauke kwano in an gama, kwanon ruwa kuma ya zama fiye da ɗaya. Ƙashi da kayan ciki da ake samowa wajen mahauta su ne suka fi haɗa rigima, kada a taɓa jefa su tsakanin karnuka biyu. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji, sauran miya mai albasa da yawa kuma tana lalata jinin kare. Na biyu ƙofa da lungu, inda jiki ke gogar jiki, musamman lokacin da aka ƙwanƙwasa kowa ya ruga. Na uku mai gida kansa: in ya dawo kasuwa ya nufi sabo da shafa da kira, tsoho na kallo, ya shuka rigima. Tsoho ya ci gaba da samun abin da ya saba samu, a wurin da ya saba, a lokacin da ya saba. Na huɗu karya mai neman barbara, abin da kan zo kusan sau biyu a shekara ya ɗauki mako biyu zuwa uku. Ko ta maƙwabta ce, warinta ya isa ya haɗa maza biyu. A yi shawara da likita kan dandaƙa, da sanin cewa tana rage irin wannan faɗa amma ba ta sauya halin da kare ya riga ya koya.

In duk da haka suka kaure, kada a sa hannu wajen wuya ko baki, domin kare a wannan hali ba ya gane mai shi. A kwara musu bokitin ruwa, a cusa faifan katako ko tebur a tsakani, ko mutum biyu kowanne ya kama ƙafafun baya na ɗaya ya ja da baya. Duka da sanda ƙara zuga su yake yi. Bayan an raba, a kai wa likita ko da raunin ƙaramin rami ne, saboda haƙori na yin ɓarna a ƙarƙashin fata fiye da abin da ido ke gani. Mutumin da aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida. Karen kuma a tsare shi kwana 10 likita na dubawa.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda ba a yi shawara da su ba: 'yan haya, maƙwabta, almajirin da ke leƙowa, mai tallar da ta saba shigowa, akuya da kaji, da ragunan da ke cika unguwa gab da Babbar Sallah. Karnuka biyu suna zuga juna su aikata abin da ɗaya ba zai yi shi kaɗai ba. Wajibi ne a sanar da mutanen gida kafin a kawo baƙo, a gyara sakata, a ware wurin karnuka nesa da wurin sallah da na girki, kuma kada a bar yaro shi kaɗai da su ko na minti ɗaya, komai sabon da aka yi. In maƙwabciya ta ce, "Maigida, yarana sun kasa fita ɗiban ruwa saboda karen nan," maganarta ta fi kuɗin da aka kashe a kansa nauyi.

Wani lokaci kuma duk dabara takan ƙare. In an yi faɗan da ya kai ga ɗinki fiye da sau ɗaya, ko tsoho ya daina ci, ya maƙale a lungu, yana fitsari in ya hango ɗayan, ko baƙo ya riƙa bin ƙaramin da ido shiru yana laɓaɓawa kamar mai farauta, to a raba su har abada. Ko dai kowa ya zauna a ɓangarensa, ko a mayar da baƙon, ko a nema masa wurin da zai yi gadi shi kaɗai, a kuma gaya wa mai karɓa gaskiyar halinsa. Shi ya sa tun ranar ciniki ya kamata a yi sharaɗin mayarwa a gaban shaidu. Asarar kuɗi ce, babu shakka. Amma tsohon karen da ya yi shekaru yana kwana a ƙofar mangaza yana da haƙƙin ya ƙarasa kwanakinsa ba cikin firgici ba, baƙon ma bai roƙi a kawo shi ba. Dukansu biyu a hannun mutum ɗaya suke, kuma shi za a tambaya.